Ku Bar wa Fure Kunya Ɗaya

'Ya'yana, ku da kuka shiga harkar lambu a 'yan shekarun nan, ina ganinku kuma raina yana yin fari. Wasunku sun gama makaranta aiki bai samu ba, suka ari fili a bakin madatsar Mairuwa ko ta Gwaigwaye. Wasu sun bi iyayensu fadamun Danja da Kafur da Bakori. 'Yan mata da matan aure kuma ga buhuna da tsofaffin bokitai nan a jere bayan ɗaki, tumatir a wannan, alayyahu a wancan. Allah ya sa albarka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da nake gani tana maimaituwa kowace shekara. Da shuka ta yi yaushi sai a ruga kasuwa a sayo magani. A fesa, ba ta miƙe ba, a sayo wani, wani lokaci ma a haɗa kala biyu ko uku a injin feshi ɗaya. Kuɗi ya tafi, shuka ta tafi, kuma har aka watse ba wanda ya tumɓuke ko gindi ɗaya ya ga abin da ke ƙasa.

Ɗana, idan ka ga tumatirinka yana laushi da tsakar rana alhali ƙasa da danshinta, ya farfaɗo da yamma, gobe ya sake, ganyen ƙasa ya soma rawaya, girma ya tsaya, to kafin ka taɓa aljihu ɗauko fartanya. Haƙo gindi ɗaya da ƙasarsa, ka wanke saiwar a bokiti, ka ɗaga ta a haske. Lafiyayyar saiwa fara ce, siririya, mai gashi-gashi. In ka tarar ta kumbura ta yi ƙulli-ƙulli a jere kamar carbi, wani wurin har ta fara baƙi tana ruɓewa, ka kama ɓarawonka. Wasu tsutsotsi ne ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, malaman gona suna ce musu nematod. Sukan huda saiwa su zauna a ciki, macen ta zuba ƙwai ɗaruruwa, kuma in da ɗumi, cikin wata guda wasu sababbi sun tashi sun kama nasu aikin. Hanyar ruwa da ta abinci sai ta toshe. Shi ya sa shukar take ƙishirwa a cikin ruwa, take yunwa a kan taki. Ko kwalba goma ka fesa wa ganye, maganin ba zai kai inda cutar take ba.

Sai dai kada ka rikita wannan da 'yan ƙwayoyin da ke jikin saiwar gyaɗa da wake da waken suya. Waɗancan alheri ne, su ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. A gefen saiwa suke manne, da ka murza da yatsa sai su fita, in ka fasa ɗaya ka ga cikinsa ja-ja. Na cuta kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya murzuwa.

Wannan tsutsa ta fi son ƙasa mai rairayi, kuma ta fi yawa inda ake maimaita abu ɗaya shekara da shekaru. Tumatir abincinta ne, haka kuɓewa, tattasai, attaruhu, yalo, gauta, karas, kankana, har da rama. Ka duba jerin nan da kyau, kusan duk abin da muke sa wa a lambu yana ciki. Mutum ya cire tumatir ya sa kuɓewa, ya cire kuɓewa ya sa yalo, yana ganin ya sauya shuka, nan kuwa tuwo kawai ya sauya wa baƙonsa. Fadamar da ruwa ke kwanciya a kanta wata da watanni da damina takan sami sauƙi, domin tsutsar ba ta jure dogon ambaliya. Wanda ya fi shan wuya shi ne mai lambun tudu da mai lambun gida, wanda ƙasarsa ba ta hutawa.

A nan ne nake so ku san wani fure. Kun san shi da ido ko da ba ku san sunansa ba. Shi ne wanda ake jerawa a gaban ofishin shugaban makaranta da harabar asibiti da gidajen ma'aikata, mai launin ruwan ɗorawa ko ruwan goro, ganyensa a tsattsage, in ka murza ka ji wani wari mai ƙarfi ya kama hannunka. Sunansa marigol. Asalinsa daga ƙasar Meziko yake, mutanen Sifaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu har Indiya da Afirka. Kada wani ya ce maka ai furen Turawa ne, me ya haɗa shi da mu. Masara da tattasai da tumatirin da muke taƙama da su, duk daga wancan yankin na duniya suka zo mana, kuma ba wanda yake ce musu baƙi a Dandume. Iri biyu ne aka fi samu. Akwai dogo mai manyan furanni wanda yakan kai ƙugun mutum, akwai gajere mai ƙananan furanni da yawa wanda bai cika wuce taƙi ɗaya da rabi ba.

Tun shekarun 1950 masu bincike a ƙasar Holan suka lura cewa filin da aka noma wannan fure tsutsar saiwa takan ragu a cikinsa ƙwarai. Daga baya aka gano dalili. Saiwarsa tana ɗauke da wani sinadari mai guba ga tsutsar. Takan shiga saiwar da niyyar zama, sai ta kasa girma, ta kasa yin ƙwai, zuriyar ta yanke a nan. Ka lura da wannan, domin duk sauran maganar a kansa ta rataya: furen yana aiki ne da saiwarsa, yana raye, a daidai ƙasar da saiwar ta ratsa. Ƙanshin da ke tashi sama ba shi ne ke kashe tsutsa ba.

Wannan shi ne abin da 'yan gajerun bidiyon waya ba sa tsayawa su faɗa muku. Sai yaro ya kalli na minti ɗaya, ya samo gindi huɗu ya dasa a kusurwoyin lambu, ya zauna yana jiran abin mamaki. Bayan wata biyu tumatir ya mutu yadda ya saba, sai ya ce ƙarya ce. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Tsutsar nan ba ta tafiya mai nisa da kanta, wadda ke tsakiyar fangali ba ruwanta da furen da ke bakin danga. In magani kake so, sai ka ba furen filin gaba ɗaya. Ka cika fangalin da shi, tazarar taƙi ɗaya tsakanin gindi da gindi, yadda saiwoyi za su haɗu a ƙasa su game ko'ina. Ka bar shi aƙalla wata biyu cur. Ka kuma tsare ciyawa, domin ciyayi da yawa suna ciyar da tsutsar, in ka bar su ka buɗe mata wurin fakewa. Bayan wata biyun sai ka sare shi, ka juya shi cikin ƙasa ya zama taki, ka ba shi mako biyu ko uku ya ruɓe, sannan ka dasa abin da kake so.

Na san inda gizo ke saƙa. Matashin da ya biya kuɗin hayar fili ba ya son jin an ce ya bar shi wata biyu ba abin sayarwa. Amma dubi yadda Allah ya tsara mana shekara a wannan yanki. Ruwa yakan zauna daga wajen Yuni har farkon Oktoba. Masu noman rani sukan yi renon tumatir a Satumba da Oktoba, su yi dashe in ruwa ya ɗauke. Ke nan idan ka shuka furen a Yuli, ruwan sama zai shayar maka da shi kyauta, kafin ƙarshen Satumba ya gama aikinsa, ƙasa ta shirya daidai lokacin dashe. Ba kuɗin fetur, ba kuɗin injin ban ruwa. Sai dai ka yi masa kunya mai tudu, domin ba ya son ƙafarsa a cikin ruwa, marka ta Agusta takan ruɓar da shi in ya zauna a kwari. Kuma ba dole ba ne ka ba shi fili duka a shekara ɗaya. Raba lambun gida uku ko huɗu. Inda cutar ta fi tsanani ka fara sa fure, wani ɓangaren ka sa masara ko dawa, waɗanda ba su cika ciyar da tsutsar ba, baɗi ka juya. Sauƙin da furen yake kawowa na kaka ɗaya ne, in ka koma maimaita tumatir a kan tumatir, tsutsar za ta sake taruwa. Don haka juyawar ba ta ƙarewa.

In ma ba za ka iya komai cikin wannan ba, to ka ceci wurin reno. Ɗan fili ne da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, amma daga nan cuta take bin dashe ta game gona. Shuka furen a wurin tun da damina, ko ka tara kara ka ƙone a kan ƙasar kamar yadda iyayenmu suke yi. In kuma dashe za ka saya a hannun wani, zari 'yan ƙwaya daga tsakiyar dami ka wanke saiwar ka duba kafin ka miƙa kuɗi. Mai sayarwar ba lalle ya san yana sayar maka da cuta ba, shi ma bai taɓa dubawa ba.

Ba na cikin masu zagin maganin feshi. Mu da muka ga zuwan Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa a 1975, wanda Bankin Duniya ya tallafa tare da na Gusau da na Gombe, mun ga yadda takin zamani da ingantaccen iri da feshin auduga suka sauya rumbunan mutane. Amma a wancan lokacin magani yana zuwa ne tare da malamin gona, wanda zai faɗa maka wane ƙwaro, wane awo, wace rana. Yau kwalbar ta fi malamin saurin isa ƙauye. Mai shago shi ne likita, shi ne mai ba da fatawa. Na sha ganin an fesa wa tumatir magani da yamma an tsinke shi da safe an kai kasuwa, alhali a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da ya kamata a jira. Wanda zai ci miyar ɗan wani ne, wataƙila ma naka.

Akwai aiki na biyu da furen yake yi, kuma ya kamata ɗan Funtuwa ya fi kowa gane shi. Tsutsar da ke huda 'ya'yan tumatir ta cusa kai ciki ta bar gindi waje, ita ce dai wadda ke huda ƙwallon auduga. Kakanninku da suka kai auduga injin gurza na Funtuwa da na Malumfashi sun san ta sarai. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne na dare, kuma tana matuƙar son zuba ƙwai a kan tohon furen marigol dogo. Masu binciken kayan lambu a Bangalor ta ƙasar Indiya suka mai da wannan son tarko: bayan kowane layi 16 na tumatir sai a sa layi ɗaya na furen, a kuma riga shuka shi da kamar mako biyu ko fiye, don ya buɗe daidai lokacin da tumatir ke fure. Uwar sai ta karkata can. To amma tarko sai da mai dubawa. Kowace safiya ko bayan kwana biyu ka bi layin, ka buɗe furannin da yatsa, ka tsince tsutsar ka zuba wa kaji, wanda ya lalace ka cire ka binne. In ta yi yawa ka fesa wa wannan layin kaɗai, da yamma bayan ƙudan zuma sun koma. Layi ɗaya maimakon goma sha shida, ka lissafa abin da ya rage a aljihunka. Wanda kuwa ya dasa layin ya juya baya, kiwon tsutsa ya yi, in ta gama da furen tumatir za ta sauka.

Yanzu bari in rage muku zumuɗi kaɗan. Kun tuna tsutsar sharon, ko kun ji labarinta. A 2016 ta cinye gonakin tumatir a Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar tumatir ta Kadawa ta tsaya don rashin abin sarrafawa, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa ji ba. Ta sake dawowa da ƙarfi a 2023. Wannan 'yar tsutsa a cikin naman ganye take zama, kuma marigol ba zai tare maka ita ba. Ita sai tarkon da ke jan namijin da ƙanshin mace, da kwashe ragowar shuka a ƙone bayan girbi, da sauya magani bisa shawarar masana don kada ta saba. Farin ƙuda kuma, wanda ke kawo nannaɗewar ganye, wani bincike na Jami'ar Niyukasil ta Ingila a 2019 ya nuna gajeren marigol yana rage shi a kan tumatir, amma a cikin ɗakin gilashi aka yi gwajin, kuma sai an shuka su tare tun farko. Da aka kawo furen bayan ƙudan ya riga ya cika, bai yi wani abin kirki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Furen yana da nasa aibin ma. Da bazara, Maris zuwa Afrilu, in zafi ya tsananta iska ta bushe, wasu jajayen 'yan gizo-gizo ƙanana sukan taru a bayan ganyensa. Za ka ga ganyen ya yi ɗigo-ɗigo fari, ya koɗe, da 'yar yana a tsakanin rassa. Da ka ga haka tumɓuke shi ka ƙone, kada ka ji tausayinsa, domin daga nan za su haye kan tumatir da yalo. Batun sauro kuma, 'yata, na ji ana yaɗa cewa in kin jera furen a bakin taga kin huta. Kada ki naɗe gidan sauron yaranki saboda fure. Hasali ma bokitin da ruwa ya kwanta a gindinsa shi ne zai haifar miki da sauron.

Ke da lambunki yake cikin buhu, wannan fure ya fi yi miki sauƙi fiye da kowa. Buhun da tumatir ya mutu a ciki kika ga ƙulli a saiwa, kada ki sake sa tumatir ko kuɓewa. Watsa irin furen a ciki, ki bar shi wata biyu yana yi miki ado a tsakar gida, sannan ki sare ki juya. Buhu biyu cikin goma kullum su kasance a hannun fure, kina zagayawa da su. Zai kuma jawo miki ƙudan zuma da wasu ƙwari masu cin darɓa, waɗanda feshi yake kashewa tare da na ɓarna. A gidan da yara ke rarrafe, kaji ke tsattsaga, duk abin da zai rage shigowar kwalbar guba abin so ne. Fiya-fiya ba ta da wuri kusa da ganyen miya, ko da wa ya ce miki yana yi. Furannin da suka buɗe sosai kuma ki tsinke ki shanya a inuwa, ki murmushe kaɗan cikin dusar kaji. Kwanduwar ƙwai za ta yi launi mai kyau. Ba wasa ba ne, a Indiya da Sin da Meziko gonaki ake nomawa musamman don masu haɗa abincin kaji.

Renonsa ba wuya. Irin siriri ne, baƙi, da ɗan farin gashi a gindi. In ka sayi na fakiti ka duba an rubuta Tagetes, domin akwai wani fure dabam mai suna Calendula da ake sayarwa da sunan marigol, irinsa a lanƙwashe yake, kuma ba ya wannan aiki na saiwa. Kada ka binne irin da zurfi, ɗan rufi da ƙasa mai laushi ya isa. Cikin mako guda ya tsiro. Bayan mako uku ko huɗu ka dasa da yamma, ka ba shi ruwa. In ya kai tsawon yatsa biyu ka tsinke kan da farce don ya yi rassa. Yana son rana sosai, a inuwar bedi sai ya yi tsawo ba fure. Kada ka ɗura masa yuriya, ganye kawai zai tara. Wajen mako shida zuwa takwas zai fara buɗewa. Abokan gabansa na farko kaji ne masu tono da awakin maƙwabta, sai ka tanadi ƙaya ko darni tun kafin ya fito.

Za a yi maka dariya, wannan kam ka sa a ranka. A teburin mai shayi wani zai ce wane ya bar noma ya koma ado, fure ake ci? Kada ka yi musu da baki. Ware fangali biyu maƙwabtan juna inda cutar take. Ɗaya ka sa masa fure da damina, ɗaya ka bar shi yadda ka saba. Da rani ka dasa iri ɗaya, rana ɗaya, taki ɗaya, ka riƙa ƙirga abin da kowanne ya ba ka. Gani ya kori ji. Gwajin yana da wani amfanin kuma, domin ba kowane irin marigol ne yake da ƙarfi ɗaya a kan kowace irin tsutsa ba, ta haka za ka gane ko wanda ke hannunka ya dace da ƙasarka. In abin ya rikice maka, ofishin malaman gona na KTARDA yana nan Funtuwa, Samaru ma ba nisa, Cibiyar Binciken Aikin Gona tana can da masu madubin da za su duba. Ka kai saiwar da ɗan ƙasarta a leda, kada ka bar ta a rana a bayan babur. Wanda kuma yake tunanin zai noma eka guda don ya sayar da furen, ya dakata. Mu ba Indiya ba ne da ake saƙa shi ana ratayawa a wuya a kowane biki. Ɗan abin da kasuwarmu za ta ɗauka shi ne dashe a leda ga makarantu da masu sababbin gidaje.

Iri kuwa sau ɗaya ake saye. Ka bar furanni mafiya kyau su bushe a kan uwarsu har su yi ruwan ƙasa, hunturu zai taya ka. Ka tsinke, ka ja busasshen kan da yatsa, irin zai zaro a dunƙule, fure ɗaya ya ba ka da dama. Ka ƙara shanya shi kwana biyu a inuwa, ka naɗe a takarda ka sa a kwalba mai murfi da ɗan toka, ka ajiye inda ba zafi. In na fakiti ne mai alamar F1, 'ya'yansa ba za su fito daidai da uwar ba, gara ka nemi na gargajiya a wurin mai gadin wata makaranta ko asibiti, yawanci kyauta za su ba ka. In ya yi maka yawa ka ɗiba wa wanda lambunsa ke sama da naka, domin tsutsar tana bin ruwan da ke gangarowa daga fangali zuwa fangali, tana kuma bin ƙasar da ta manne a fartanyar aro. Fartanyar da ta yi aiki a wurin cuta, ka kankare ta ka wanke kafin ta shiga wurin reno.